Tiren Ibu Safiyyatu

Asabar, 6 ga Rabi'ul Awwal 1402 (2 ga Janairu 1982). Madina.

Tana raye. Bari in fara rubuta wannan kafin komai. Raliya tana raye, ɗan ma yana raye.

Jiya bayan Juma'a aka bugo waya shagon ƙanena Lurwanu, ya shigo min gida ba sallama, wai an shiga da ita ɗakin tiyata. Daga Yanbu zuwa nan ban ga hanya ba. Ban san mun wuce Badar ba. Lurwanu yana ta cewa "Yaya, yi salati," ni kuwa ina ta yi wa Allah alkawuran da na san ba zan iya cikawa ba.

Aiki aka yi mata aka ciro shi. Na same ta kwance, leɓe a bushe, robar ƙarin ruwa a hannu. Ta buɗe ido ta ce da Larabci, "Kin zo." Na ce da Hausa, "A'a, ina Yanbu." Shekara uku ban ga fuskarta ba, abin da ya fito daga bakina ke nan. Allah ya shirye ni.

('Yar fari ce, bakina bai taɓa kiran sunanta ba. Alƙalami ne ba shi da kunya.)

Mijin yana tsaye a bakin ƙofa, Abdulrauf, mai gyaran agogo a wajen Harami. Mutanen Jawa ne, yadda ake kiran duk wanda ya fito daga Indunusiya a ƙasar nan. Ya zo ya sumbaci kaina yana "Ya Amma, alhamdu lillah," yadda ake kiran uwar mata da Larabci. Idonsa ya yi ja. Na bar shi ya sumbata. Ba ranar faɗa ba ce.

Amma niyyata ɗaya: da ita zan koma Yanbu, ta yi arba'in ɗinta a hannuna. Jegon fari a gaban uwa ake yin sa. Sun ɗauke min ita a aure ba da son raina ba, kawunnanta suka ɗaura ina zaune a ɗaki. Wannan kam ba za su ɗauke min ba. Gero, kanwa, yaji, turaren wuta, duk suna cikin buhu a motar Lurwanu. Wata biyu da haɗa su. Kada kowa ya tambaye ni dalili.

Lahadi, 7 ga wata

A gidansu aka sauke ni, a Jurf, don daga nan Abdulrauf ke kai mu asibiti. Ƙaramin gida, dabino biyu a tsakar gida, da ayaba guda da ke fama da sanyin Madina kamar ni.

Uwarsa Safiyyatu. Ibu suke ce mata, wato Inna. 'Yar ƙaramar mace, ba ta kai kafaɗata ba. Shekara talatin a Madina, Larabcinta har yanzu rarrafe yake. Murmushi kamar an ɗinka mata shi a fuska. Daga wani tsibiri take, Bali. Na taɓa karanta labarinsa a mujalla, ban kuma manta abin da na karanta ba.

Da azahar ta turo ƙofa da tire. Farar shinkafa, kaza a cikin wata rawayar miya ta madarar kwakwa, jan yaji a ɗan kwano, da wasu fala-falan abubuwa masu ƙaras-ƙaras. Ta ajiye ta durƙusa. "Ummu Raliya, ci. Ci."

Na ce alhamdu lillah, na ƙoshi. Ta jira. Na buɗe littafi. Ta ɗauki tirenta.

Uwa ba ta zuwa gidan 'yar farinta ta buɗe ciki a gaban surukai. Uwata ta yi kwana tara a gidana ba ta ci komai ba sai goro da ruwa, mijina Malam Badaru kuwa, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ganin bakinta yana motsi ba. Wannan ɗaya. Na biyu, ranar ɗaurin aure na ce ba zan ci abincin gidan nan ba. Ban rantse ba. Na dai faɗa, kuma da mutane a wurin.

Ina da dambun nama a jaka, ga dabino. Ba zan mutu ba.

Litinin, 8 ga wata

Likitar Bamisriya ce. Ta ce babu watsa ruwan zafi a kan ɗinki, babu kanwa, babu tafiya sai an yi sati biyu. Na ce mata uwata ta haifi tara, duk da kunun kanwa ta yi jegonsu. Ta ce nawa suka rayu? Na ce huɗu. Ta ci gaba da rubutunta.

Na tsani a fi ni gaskiya da sassafe.

Amma zazzaɓin da ya kama Raliya bayan aikin ya sauka. Ta zauna da kanta yau. Na fita baranda na tsaya ina kallon Uhudu.

Talata, 9 ga wata

Tire sau uku a rana, sau uku yana komawa. Yau da sabon salo: farantai sababbi fil, takardar kanti ma ba a ɓare ba. Ta juya min gindin farantin in gani. Ta kawo tukunya, ita ma sabuwa, ta nuna min cikinta yana ƙyalli. "Sabo," in ji ta. "Duka sabo."

To sannu. Ni za a nuna wa kayan ɗaki? Na ce ma sha Allah, na ƙoshi.

Dambun ya kusa ƙarewa. Ƙamshin gidan nan azaba ne. Akwai wani abu da take jefawa a mai, da farko ya yi wari kamar an tone rami, can kuma sai ya juye ya zama wani abu da ke jawo mutum ta hanci. Na toshe ƙasan ƙofa da ɗankwali.

Laraba, 10 ga wata

Matar nan tana da abin mamaki. Da hantsi ta shigo da kaza mai rai a hammata, ta tsaya sai na fito. Ta miƙa wa Lurwanu wuƙa, wai shi zai yanka, ba ɗanta ba. Ta juya shi ya fuskanci alƙibla kamar shi ne bai san inda take ba. Ya yanka, ita tana kallona. Sannan ta je famfo ta yi alwala cikakkiya a gabana kafin ta taɓa kazar. Alwalar fige kaza! Na karanta fiƙihu gwargwado a gaban mahaifina da mijina, ban ci karo da wannan babin ba. Riya har a madafa.

Ta cusa wa kazar kayan haɗi, ta naɗe ta a ganyen ayaba, ta bar ta a wuta tun safe har la'asar. Betutu, in ji Abdulrauf. Da aka kwance ganyen na ji shi daga ɗakina, ɗankwalin bai yi aiki ba.

Lurwanu ya ci har da ƙashi. Kawu ba shi da kunya, Lurwanu kuwa tun yana goye ba shi da ita. Ya leƙo yana suɗe yatsa. "Yaya, wallahi kanki kike cuta. Naman da kansa yake sauka daga ƙashi." Na ce ya sauka a cikinka, kai ma ka sauka daga ƙofata.

Ya koma Yanbu, shago ba kowa. Zai dawo da mota ranar ashirin ga wata.

Bayan la'asar na je Masallacin Annabi. Na sami gefe a wajen mata na yi raka'a biyu na godiya. Na yi kukan da ban yi ba ko ranar rasuwar Malam. Wata tsohuwa Baturkiya ta dafa bayana tana ba ni haƙuri, ta ɗauka mutuwa aka yi min. Ban iya gaya mata akasin haka ne ba. Na sayi gurasa a hanya, na ci a tsaye a bayan wani gini kamar ɓarauniya.

Alhamis, 11 ga wata

An sallamo ta. Da ƙafarta ta shigo gida, a hankali, tana dafe da bango. Alhamdu lillah, alhamdu lillah.

Na roƙi risho, na dama mata kunun tsamiya a ɗakina, ba kanwa, tunda Bamisriya ta hana. Na kai na tarar Ibu ta riga ni: kofin wani rawayan ruwa na kurkum da tsamiya, da kwanon romo da ganye a ciki. Na leƙa. Zogale! Na ce a ina ta samu? Ashe itacen da ke bayan madafa nata ne, da iri ta zo da shi daga ƙasarsu. Wai yana kawo nono. Mu ma haka muke cewa. Ban gaya mata ba.

Raliya ta dubi nawa, ta dubi nata. Cokali biyu nan, cokali biyu can, kamar alƙali. Ta ture duka ta ce barci take ji. Nonon bai sauka sosai ba, yaron yana ta tsala ihu.

Na ɗauke shi. Hancin ubansa, goshin Malam. Na ce masa kai mummunan miji, ko kyauta ba na son ka. Ya yi shiru yana kallona.

Juma'a, 12 ga wata

Suna. Abdussamad.

Raguna biyu. Tun asuba gidan ya cika da matan Jawa, 'yan ƙanana, masu sauri, ba hayaniya. Namu ma sun zo, Zenabu 'yar gwaggona da Aishatu daga Aƙiƙ, da hayaniyar da ta ishi kowa.

An yi tsire iri biyu. Ɗaya kamar namu, sai dai gyaɗar miya aka yi da ita ake tsomawa, ba ƙuli ake barbaɗawa ba. Ɗayan kuwa niƙaƙƙen nama ne da kwakwa, a mulmula shi a jikin tsinke mai faɗi, wannan na tsibirinsu ne. Rawayar shinkafa an tula ta da tsini kamar hula. Ga wani kwaɗon ganye da wake da kankararriyar kwakwa.

Al'adarsu a zauna shida-shida a kewaye tire ɗaya, ba mai miƙa hannu sai babbar baƙuwa ta fara. Ban sani ba sai da na ga ɗaki ya yi tsit. Ibu ta yanko tsinin shinkafar ta ajiye a gabana. Mata wajen talatin, duk ni suke kallo.

Na ce bismillah, ku ci, ni na ƙoshi.

Zenabu ta gyaɗa kai, "Haka ake yi," ta kai hannu. Ibu ta tashi, murmushin yana nan, ta shiga madafa. Har aka watse ba ta fito ba.

Na lura da wata Hajiya a cikin matan Jawa, mai zoben zinare a kowane yatsa. Dabino kaɗai ta ci. Da na ƙi ci ta dube ni ta yi min wani murmushi kamar mun haɗa sirri. Bai yi min daɗi ba. Ban san dalili ba.

Asabar, 13 ga wata

Yanzu na san dalili.

Da safe na ce wa Raliya ta fara ware kayan da za ta tafi da su. Ta ce, "Ba zan bi ki ba." Da Hausa. Yarinyar da ko ruwa da Larabci take roƙo, in ta koma Hausa to ran ya ɓaci.

Ban riƙe duka ba. Ta yi ta magana tana dafe da ciki, ina ce mata ɗinki, ɗinki. Abin da na riƙe:

"Kin san ma'anar sababbin farantan nan? A garinsu Musulmi kaɗan ne, kewaye da waɗanda ba Musulmi ba. In maƙwabcin da ba Musulmi ba zai yi biki ya gayyace su, sai ya sayi sabuwar tukunya da sababbin kwanuka, ya kira Musulmi ya yi yanka, don su ci da kwanciyar rai. Abin da ta yi miki ke nan. Ta ajiye kanta a wurin wanda ba Musulmi ba, a cikin gidanta, a Madina, don ki ci loma ɗaya."

Na ce wa ya ce mata ba Musulma ba ce? Ni kunya nake yi, kowa ya san uwa ba ta...

"Wane kowa? Ita Bahaushiya ce? Kuma abin da kika faɗa shekara uku da suka wuce, wai an kai 'yarki tsibirin masu cin alade, kina tsammani ya tsaya a Yanbu?"

Na faɗa. A gaban matar Lurwanu na faɗa, wadda bakinta ya fi rediyo nisan zango. Na san Musulmi ne lokacin da na faɗa. Abin da zai yi zafi nake nema, shi ya zo hannu.

Ta ce tun zuwan Ibu ƙasar nan wasu daga cikin mutanen Jawa ba sa cin girkinta. Da sun ji Bali sai su ce sun ƙoshi. Hajiyar zobba tana cikinsu, shekara ashirin. "Jiya a gaban kowa kika zauna a layinta."

Ta ce, "Matar nan ce ta riƙe kaina kwana biyu ina naƙuda. Ba zan tsallake ta in bi ki ba."

Na fito. Tire yana ƙofar ɗakina, an rufe shi da sabon faranti.

Lahadi, 14 ga wata

Shekara goma sha ɗaya na koyar da 'ya'yan wani attajiri Alƙur'ani a Yanbu. 'Yan mata huɗu, duk a hannuna suka sauke. Kullum ana kawo min shayi. Kofina yana da jan zare ɗaure a mariƙinsa, kuma ba ya kwana cikin sauran kofuna, a kan taga yake kwana. Ba wanda ya taɓa ce min komai. Uwargidan tana ce min Ustaza, tana tashi in na shigo. Wata rana ƙaramar ta ɗauka za ta sha ruwa, uwar ta fizge, "Na Takruniyya ne," sunan da suke kiran baƙar mace irina, sannan ta tuna ina zaune.

Ban taɓa rubuta wannan ba. Ko Malam ban gaya wa ba. Na ci gaba da zuwa har shekara uku bayan haka, ina shan shayin.

Ni ce zan zo in ɗaura wa wata jan zare. Ni, da duk karatuna.

Bayan na idar da walaha na shiga madafa. Karo na farko. Tana tsugune tana niƙa barkono a kan wani faffaɗan dutse, a gefenta ga tsohon farantin tasa duk ya ɓaɓɓalle, da ragowar shinkafar jiya da soyayyen kifi, karin kumallonta. Ta gan ni ta miƙe da sauri za ta ɗauko sabon faranti.

Na ce a'a. Wannan.

Na jawo kujera 'yar tsugune na zauna, na wanke hannu, na yi bismillah da ƙarfi yadda za ta ji, na sa hannu a farantinta. Na dangwalo abin da take niƙawa. Sambal sunansa.

Ni da aka yaye da yaji. Ni da nake yi wa Larabawa dariya in sun ga barkono. Sai da na ji kunnuwana sun toshe. Na yi atishawa uku, na yi tari, hancina ya zubo. Ta miƙo min kokwamba ba ruwa ba, ta ce ruwa ƙara shi yake. Na ci. Na sake dangwalowa, don kada ta ɗauka an ci ni da yaƙi.

Ta koma ta tsuguna, ta sa hannu ita ma, muka ci. Murmushin nan babu shi. Yau na fara ganin fuskarta.

Da muka kusa gamawa ta ce, "Gishiri kaɗan?"

Na ce e, ya yi kaɗan.

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Na so in ce mata wani abu game da maganar alade. Na shirya jimlar da Larabci mai kyau, irin na littafi. Abin da ya fito shi ne, "Bakina ba shi da kyau, ya Hajja." Ta ce, "Na ji labari." Ta ƙara min kifi.

Litinin, 15 ga wata

Cikina. Ba zan yi bayani ba. Amma na ci na rana, na ci na yamma.

Talata, 16 ga wata

Raliya ta shanye romon zogale, ta shanye kununa, ta ce a ƙaro. Nono ya sauka har yana jiƙa riga. Mummunan mijina ya yi barci tun azahar har la'asar, gidan ya yi shiru kamar an yi ruwa an ɗauke.

Ba ta ce min komai a kan tafiya ba. Ban tambaya ba.

Na yi wa Ibu bayanin kunya, Abdulrauf yana fassara inda Larabcinta ya gaza. Cewa a wurinmu ƙin ci a gidan suruki girmamawa ce. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "To in kuna ƙin mutum fa, me kuke yi?" Na ce ba ma ci. Ta ce, "To yaya ake ganewa?" Na dubi mai fassara. Abdulrauf ya sami abin yi a waje.

Abin warin nan, ta nuna min. Wani baƙin dunƙule a cikin gwangwani uku, wani cikin wani. Terasi. Da ƙananan jatan lande ake yi, a bar shi ya ruɓa, alhazai ke kawo mata duk shekara. Ta ce maƙwabciyarta Balarabiya ta taɓa aiko a duba ko ɓera ya mutu. Na je na kwance ƙullin daddawata na kai mata hanci. Ta ja baya, ta sake matsowa, ta sake shinshinawa. Ta ce, "'Yar'uwarsa."

Alhamis, 18 ga wata

Abin da na ci a kwana huɗu, don kada in manta: fate-faten shinkafa da kaza da safe, bubur. Naman da aka dafa a madarar kwakwa har ya yi baƙi ya tsotse. Kwaɗon ganye da miyar gyaɗa, wanda in aka rage sukari zai shiga kowane gida a Kano. Soyayyar ayaba. Betutu, da ta sake yi don ni, kuma Lurwanu bai yi ƙarya ba, abin da ba zai taɓa ji daga bakina ba.

Sukari ya yi musu yawa. Na gaya mata. Ta ce mu kuma mai. Ta gaya min.

Ta ba ni labarin garinsu, a kan dutse, ruwa yana gudu ta kowace gona. Ba ta koma ba tun da mijinta ya kawo ta. Yana Baƙi'a yanzu. Na ce ni ma ina da shekara tara muka bar Kano, a ƙafa da bayan raƙumi da jirgin ruwa, shekara huɗu a hanya. Ta ce me nake tunawa? Na ce ƙamshin ƙasa in an yi ruwan farko. Ta ce ita kukan kwaɗi. Muka ci gaba da tsinke zogale.

Sababbin farantan ta zuba su cikin sauran. Yanzu ba a gane su sai an juya gindi.

Juma'a, 19 ga wata

Na samu.

Bayan masallaci Abdulrauf ya zo ya durƙusa, ya ce likita ta yarda, shi ma ya yarda, in na so gobe in tafi da su. Na ce ita fa? Raliya daga kan gado ta ce, "Zan bi ki, Inna." Ba wanda ya matsa mata. Na tambaya sau biyu.

Na shiga ɗaki na yi sujada. Shekara uku ina ɗauke da dutse a ƙirji, ban san nauyinsa ba sai da aka sauke.

Ibu ta wuni tana haɗa guzuri. Kurkum, busasshen zogale, sambal a kwalba an ɗaure bakin da leda. Tana koya min yadda ake haɗa rawayan ruwan nan, tana maimaitawa kamar ni ce mai rarrafen Larabci. Da yamma na wuce ta ƙofar ɗakin na gan ta da yaron a cinya, ta sa hancinta a wuyansa, ba ta motsi. Shi ne jikanta na farko ita ma. Ban taɓa lissafa wannan ba.

Ba ruwana. Al'ada al'ada ce.

Asabar, 20 ga wata

Lurwanu ya iso da hantsi, ya shimfiɗa katifa a bayan mota. An fito da jakunkuna. Na zagaya motar, na ce tayar baya ta goge.

"Yaya, shekaranjiya na sa ta."

Na ce to ramukan da ke bayan Badar fa, da ɗanyen ɗinki?

"Da kika zo kin ga rami?"

Na ce lokacin ban ga komai ba, yanzu na tuna.

Ya dubi Ibu a bakin ƙofa, ya dube ni, bakinsa ya fara motsi. Na ce in ka yi dariya sai na gaya wa matarka ƙashin kaza nawa ka tauna a gidan surukai.

Raliya ta fito da yaron a kafaɗa. "Inna, na ce zan bi ki."

Na ce na ji. Ni ce ba ni zuwa. Koma ciki, iska.

A nan za a yi arba'in ɗin. Ruwan wanka ni zan dafa, wannan ba na tattaunawa ba ne. Na rubuta wa Lurwanu abin da zai aiko: tabarau na biyu, littattafan da ke kan akwati, bargo, kuka, muciya. A gaya wa matan da nake koyarwa su yi tilawa, sai na dawo.

Ibu ta ɗauki kwalbar sambal daga cikin kaya ta miƙa wa Lurwanu, sauran ta mayar ciki.

Saboda hanya ne. Duk wanda ya san hanyar Badar zai ce na yi daidai.

Gobe kifi Ibu za ta naɗe a ganye. Ta ce ni zan niƙa kayan haɗin, wai hannuna ya fi nata fushi.